Birkin da ya kama mu a gangaren Bafilo

Da jikin Baba ya tsananta, likita a Sokode ya kira yayana gefe ya ce mu kai shi gida ya huta. Mun gane abin da ake nufi. Baba da kansa ya ce Dapaong yake so, gidan ƙanwarsa, garin da aka binne iyayensa. Muka shimfiɗa masa katifa a bayan a-kori-kurar Yaya, wadda a nan ake ce wa bashe, muka ɗaura tamfol saboda rana. Ni na zauna a gefensa ina masa fifita.

Baba tsohon direba ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wannan hanya yana kai goro arewa, ya dawo da albasa. Amma a lokacin magana ta yi masa wuya.

Bayan mun wuce duwatsun Alejo, mun fara gangarawa wajen Bafilo, na ga ya buɗe ido yana jan hanci. Ya ce in buga wa Yaya gilashi ya tsaya, birki na ƙonewa. Ni ban ji warin komai ba, amma na buga.

Da ƙyar motar ta tsaya. Yaya ya fito yana gumi, ya ce birkin ya yi masa laushi kamar ya taka soso, sai ya taka ya sake takawa kafin ya kama, kuma motar na ta janye shi hagu. Baba ya sa ya kai hannu kusa da kowace taya. Uku lafiya, ta gaba ta hagu kuwa ba ta kusantuwa don zafi. Da ta huce aka ɗaga ta da jak, ta ƙi juyawa sam.

Yaya ya so ya kwance tayar gaba ɗaya. Baba ya ce a'a, ya fara sassauta ɗan noti na fitar da iska. Yana sassautawa man birki ya yi tsartuwa, tayar ta saki. A hankali Baba ya yi bayani, yana hutawa tsakanin kalmomi: tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, mai na shiga amma ba ya komawa, birkin ya riƙe, zafi ya dafa man, shi ya kawo laushin.

Yaya ya hau babur ɗin haya ya tafi garin Kara neman tiyo. Muka zauna ni da Baba a inuwar ɗorawa, wata mai sayar da doya ta kawo mana ruwa. Ya yi ta kallon manyan motoci na hawa da ƙyar.

Da Yaya ya dawo ya ɗaura sabon, sai aka ce dole wani ya zauna yana taka birki don a fitar da iska. Ban taɓa zama a kujerar direba ba, amma na shiga na zauna. Daga baya na ji muryar Baba, siririya amma ba ta rawa.

"Taka, uwata. Riƙe. Kada ki saki sai na ce."

Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa nake da shi. Na taka, na riƙe, na saki, har na ji ƙarfen ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafata. Ya sa Yaya ya gwada a hankali kafin mu kama hanya, ya kuma gargaɗe shi ya sauka gangaren Defale da ƙaramar giya.

Mun shiga Dapaong ana kiran magariba. Gwaggo ta tarye mu a ƙofa, ta kama hannun wanta, muka shigar da shi ciki. Baba ya yi 'yan makonni a ɗakinta, tsofaffin abokan tuƙinsa na zuwa gaishe shi. Ya rasu wata safiyar Alhamis, aka kai shi kusa da mahaifinsa. Bayan addu'ar bakwai Yaya ya loda albasa ya koma Sokode, ni na zauna da Gwaggo har ƙarshen damina.