Yamusa da Aikin Gida

Kawuna Yamusa manomin doya ne a wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan duwatsun Bwari, tun zamanin da ba mai mafarkin wata rana gwamnati za ta kwaso kayanta ta tare a dajin nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai kamar na jakin da ya ga gada. Hausarsa ta kasuwa ce: mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, kuma duk kalmar da ya ji sai ya ɗauke ta yadda ta zo, bai san a juya magana ba.

'Yarsa ta fari, Naomi, ita kaɗai ce mace daga ƙauyenmu da ta kai aji shida a makarantar mishan. Yamusa yana ji da wannan fiye da yadda yake ji da gonarsa. Sai ga shi wata ranar kasuwa malaminta, Malam James, baƙo ne da ba ya jin yarenmu, ya tare shi a gindin ɗorawa ya ce, "Baban Naomi, 'yarka tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta yin aikin gida. In ta ci gaba haka, ba zan sa sunanta cikin masu jarrabawar shiga sakandare ba."

Yamusa ya dawo gida yana huci. Ashe yarinyar nan raguwa ce har labari ya kai makaranta! Daga ranar ya ninka mata aiki. Da ta ajiye jaka sai rafi, daga rafi sai itace, daga itace sai daka. Mahaifiyarta, Inna Alice, tana fama da goyo da ginin tukwane, ta ga an ƙara mata hannu, ta ci gaba da ginin tukwanenta. Naomi ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ce, "Malam ne ya faɗa. Kai ka fi Malam sani?"

Da Malam James ya sake aiko cewa abin ya ma ƙara lalacewa, Yamusa ya ja hannun yarinyar har makaranta, ya buɗe tafukanta a gaban malamin. "Duba kanta a hannu, Malam! Yarinya ya yi ruwa, ya yi itace, ya yi daka. Wane aiki ya rage? Ya yi mini rufin ɗaki?"

Malamin ya yi dariya har ya dafa allo, sannan ya ɗauko littafin lissafi ya nuna masa irin aikin da yake nufi. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Kawu ya dawo gida, ko tuwo bai taɓa ba. Kunya ce ta kama shi, da tausayin 'yarsa.

Washegari bai je gona ba. Ya zauna ya zuba ido ya ga abin da ke hana yarinya karatu. Ta shimfiɗa littafi a tabarma, akuya ta zo ta ɗanɗana shafi guda. Ƙannenta suka hau bayanta. Uwarta ta ce miƙo min wannan, kakarta ta ce zo ki zura min zare. Ya ce lallai tsakar gida ba wurin boko ba ne.

Akwai tsohon rumbu a bayan gida wanda ba a zuba komai a ciki. Ya share shi, ya yi masa sabon yaɓe, ya faɗaɗa bakinsa yadda mutum zai shiga. Ya huda taga don haske, amma ya juya ta wajen dutse, don kada ta hango ƙawayenta a hanyar rafi. Tsohon ƙyaure ya ɗora a kan tukwane biyu da suka tsage a wuta, ya zama tebur. Turmin da gindinsa ya huje ya kife, ya zama kujera. Gwangwanin madara ya samu aikin riƙe fensir. Sannan ya tara gida kaf ya kafa doka: in Naomi ta shiga rumbu, ta zama hatsin iri, ba mai taɓawa sai da izininsa.

Kaza ce kaɗai ta ƙi bin doka, ta shiga ta yi ƙwai a ƙarƙashin tebur. Ya ƙyale ta, wai ita ba ta aike.

Saura ruwa da itace da daka, waɗanda ba sa yin kansu. Nan ne ƙauye ya samu abin dariyar shekara. Mu Gbagyi dai ba ma ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa muke ɗauka, don kai sarkin jiki ne, ba a mai da shi ɗan dako. To sai ga Yamusa, da gemunsa, tulu a kafaɗa, a layin 'yan mata. Mata suna guɗa, maza suna tambayarsa ko ya sayi zane. Shi kuwa ko a jikinsa.

Aikin Naomi ya gyaru, har ya yi kyan da ya sa malamin zargi. Ya tambaye ta wa ke yin aikin gida yanzu. Ita kuma, 'yar ubanta, ta ce, "Babana ne."

Malam James ya hau kekensa a fusace, yana cewa yau zai ga ƙarshen maguɗi, sunanta kuwa ya fita daga cikin masu jarrabawa ke nan. Ya iso ya tarar da Yamusa, mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba, ya sauke tulu ya kama taɓarya yana dakan dawa, zufa na zuba. Ya nemi ganin Naomi, kawu ya ce a yi magana a hankali, yarinya yana rumbu. Malamin ya leƙa ta taga. Ga ta a kan turmi tana lissafi, kaza na kwance a ƙafarta, ba ta ma san an zo ba.

Ya juyo wajen kawu. Sannan ya ce, "Baban Naomi, ba ka jin kunyar dariyar da ake maka?"

Yamusa ya share goshi ya ce, "Malam, a wurinmu ba a ɗora wa kai kaya. Kai ka zo ka ɗora wa nasa. To kaya biyu ya yi wa yarinya yawa. Shi ya ɗauki na kai, ni na ɗauki na kafaɗa."

Naomi ta ci jarrabawar. Ranar da za ta tafi, shi ya ɗaukar mata akwati har bakin hanyar mota, a kafaɗar nan da tulu ya yi wa kanta. Rumbun kuwa bai sake zuba hatsi a cikinsa ba har ya bar duniya, duk da ƙorafin Inna Alice. Ya ce akwai ƙanne a baya.