Dashen da Mama ta yi kafin a binne Baba Monday

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya yi wa mahaifina, Baba Monday Didam Yashim, rasuwa yana da shekara saba'in da huɗu. Ya gama ban ruwa a lambunsa da ke bayan Sabon Tasha, ya zauna a kan benci, ya ce wa mahaifiyarmu, Mama Celina, ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin keken hayar da aka kira ya kai su bakin kwalta, rai ya yi halinsa. Za a yi jana'izarsa a ƙauyenmu kusa da Zonkwa ranar Asabar, 14 ga Disamba. Ni ce Blessing, 'yarsa ta biyu, kuma ina rubuta wannan ne gawarsa tana asibiti tana jiran wannan rana.

Baba, shekara talatin da biyar ka yi kana akawu a sakatariya, muna zaune a gidan gwamnati a Barnawa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ka shuka ko barkono a gwangwani ba. Shi ya sa da ka yi ritaya a 2010 ka tara mu ka ce noman lambu za ka yi, ni da yayana Derrick muka sha dariya a bayan idonka. Ka kwashi Mama kuka koma can inda kwalta ta ƙare, bakin wani rafi da ba ya ƙafewa da rani, wurin da a lokacin gidaje bakwai ne kawai da awaki. Shekarar farko ka karanta wani littafi, ka zuba wa tumatir takin zamani a gindi kamar mai zuba gishiri a miya, duka ya ƙone. Malam Zakariyya'u, mai lambun da ke tsallaken rafin, ya yi kwana uku yana kallon ɓarnar daga nesa, har ya kasa haƙuri ya tsallako. Daga ranar ka ajiye girmanka na ofis ka zama ɗan koyo kana da shekara sittin. Shi ya koya maka yanka kwami don ruwa ya kwanta a gindin shuka, shi ya koya maka cewa irin tumatir sati huɗu yake yi a wurin reno kafin a cire a dasa.

Lokacin sanyi shi ne lokacinka. Sauran tsofaffi suna lulluɓe da bargo suna jiran hantsi, kai kuwa tun ƙarfe shida kana cikin tsohuwar suwaita da hular sanyi, ƙafa cikin laka. Da rana ta yi sai ka zauna a inuwar mangwaro da tsohuwar tafiretarka, ka buga mana wasiƙar Disamba, wadda ba ka taɓa fasawa ba ko shekara ɗaya. Da muka buɗe zauren iyali a waya ba ka daina bugawa ba, sai dai Mama ta ɗauki hoton takardar ta tura. A nan muke jin wa ya yi aure a ƙauye, wa ya rasu, wa ya ci jarrabawa, da abin da za a shuka a kowane kwami, duk a jere ba bambanci. Har yau ina da ta shekarar da na haihu. Ka rubuta: "Kabeji ya kama sosai bana. Blessing ta sauka lafiya, an sami mace. Tsutsa ta shiga latas, amma mun yi maganinta da toka." Na yi fushi da aka saka 'yata tsakanin kabeji da tsutsa. Sai daga baya Mama ta gaya mini cewa ranar da aka haife ta ka bar lambu ba ban ruwa, abin da ba ka taɓa yi ba, ka yini a barandar asibiti kana share hawaye da hula.

Ba ka iya ciniki ba, kuma ba ka yi niyyar koya ba. Kwandon farko na kowace shekara coci yake tafiya, na biyu a raba wa maƙwabta. Duk wanda ya zo neman irin dashe sai ka cire masa mafi ƙarfi ka bar wa kanka 'yan sirara, Mama tana mita kana yi kamar ba da kai take ba. Da mata uku da aka kashe mazansu a ƙauyuka suka zo unguwar da 'ya'yansu, ba ka tsaya yi musu wa'azin haƙuri ba. Ka yanka wa kowacce kwami huɗu, ka ba su irin alayyafo da yakuwa, ka ce nan da sati uku za su sami abin kai wa kasuwar Sabo. Har gobe suna nan suna nomawa.

A 2021 masu satar mutane suka fara taɓa gefen gari, suka ɗauki wani maƙwabcinku. Gidaje suka fara zama kango ɗaya bayan ɗaya. Derrick ya taso daga Abuja da mota don ya kwashe ku, ya ce ya gyara muku ɗaki har da na'urar sanyaya wuri. Ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce: "Na yi shekara talatin da biyar a gidan da ba nawa ba, ranar da na ajiye aiki aka karɓi makulli. Wannan ni na gina. Wanda yake so in bar shi ya zo da rana ya faɗa mini da bakinsa." Derrick ya koma da buhun albasa a bayan mota da ɓacin rai a zuciya. Ni ma a lokacin taurin kai na kira abin, kuma na faɗa maka haka a fuska.

Yanzu bari in faɗi laifina, tunda ba ka son ɓoye-ɓoye. Kwana biyu da rasuwarka, ni da Derrick muka keɓe muka yanke shawara cewa da zarar an binne ka, a taron dangi da za a yi washegari, za mu ce Mama ta koma Abuja, a kulle gidan, lambu kuma ya zama na wanda ya ga dama. Muka sami goyon bayan yayanka, Baba Katung, wanda ya zo daga ƙauye don ya jagoranci zaman makoki. Ba mu tambayi Mama ba. Sanar da ita kawai muka yi, tana zaune a kan tabarma cikin baƙin zane, ta dube mu ta ci gaba da zamanta. Muka ɗauka ta yarda.

A wurinmu, matar da mijinta ya rasu zama take yi a kan tabarma har sai an binne shi. Ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, ba ta taɓa fartanya, masu gaisuwa su zo su same ta inda suka bar ta. A da, da ake binne mutum cikin kwana biyu, zaman ba shi da tsawo. Yanzu da ake ajiye gawa a jira 'ya'ya da jikoki su taru, ya zama wata guda cur. Abin da ni da Derrick ba mu sani ba, don ba mu taɓa damuwa mu sani ba, shi ne ka riga ka zuba irin tumatir na bana tun ranar 30 ga Oktoba. Malam Zakariyya'u ne yake tsallakowa kowace safiya yana ba shi ruwa ba wanda ya sa shi. Da ya shigo gaisuwa karo na uku, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce wa Mama a hankali irin ya isa dashe, in ya wuce Laraba zai tsufa a wurin reno, kuma tsohon iri ko an dasa ba ya yin 'ya'yan kirki. Ya ce in ta ba shi izini zai dasa mata. Mama ta yi masa godiya, ta ce ya bar shi tukuna.

Ranar Laraba, 27 ga wata, da ƙarfe bakwai na safe, ɗaki cike da matan zumunta na coci da suka zo taya ta zama, Mama ta miƙe. Ta naɗe tabarmar ta jingine a bango, ta ƙara ɗaure baƙin zanenta, ta saka takalminka na roba da ya yi mata yawa, ta nufi ƙofar baya. Baba Katung ya tare ta. Ba da faɗa ya yi magana ba, tsakani da Allah. Ya tuna mata cewa ƙaninsa bai kwanta a ƙasa ba tukuna, ya ce mutanen ƙauye za su ji, za su ce ba ta yi baƙin cikin mijinta ba.

Mama ta ce: "Baba, sati biyu ina zaune a nan ana shirya inda za a kai ni kamar kayan ɗaki. Shekara arba'in da shida na yi da ƙaninka, ba wanda zai koya mini baƙin cikinsa. Shi ya zuba irin nan da hannunsa, ni na riƙe masa bokiti. Ba zan zauna ya mutu ina kallo ba."

Baba Katung ya dube ta, sannan ya matsa gefe. Matan zumunta suka yi cirko-cirko, sai ɗaya daga cikin matan nan uku da ka ba kwami ta cire mayafinta ta bi bayan Mama, sauran suka biyo. Ni ce ta ƙarshe, ina jin kunya, da takalmin zuwa ofis a ƙafata. Malam Zakariyya'u yana cire iri yana miƙowa, Mama tana huda ƙasa da tsinke tana dasawa, tana nuna mini tazarar da ka saba bari, kamu biyu tsakanin gindi da gindi. Ba ta yi kuka ba sai da ta kai kwami na ƙarshe. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba a kan tabarma, muka bar ta har ta gama. Da muna wanke hannu a rafi ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba: "Tumatir ɗin nan sai Fabrairu zai nuna. Ki gaya wa yayanki ina da aiki har Fabrairu, bayan nan kuma akwai gyaran gonar masara."

Na gaya masa. Derrick bai ji daɗi ba, kuma ba zan ga laifinsa ba, domin tsoronsa tsoron gaskiya ne. Ni ma ina jin tsoro. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga lambar Mama, sai in yi wuf in ɗauka. Amma na rubuta a nan don dangi su karanta tun kafin mu haɗu a ƙauye: na janye bakina daga waccan shawara. A taron bayan jana'iza ba zan goyi bayan a ɗauke ta ba, kuma duk wanda ya ce ta yi abin kunya ranar Laraba, ya haɗa da ni, don ni ma na dasa. Na riga na faɗa wa maigidana cewa daga Juma'a zuwa Lahadi ni da yara a gidan Mama za mu riƙa kwana. Ban iya komai ba a lambu, amma kai ma ba ka iya ba da ka fara.

Baba, Ubangiji Yesu da ka bauta wa ba tare da surutu ba ya karɓe ka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada. Allah ya ta'azantar da Baba Katung, wanda ya rasa ƙani kuma ya san lokacin matsawa daga bakin ƙofa. Allah ya sanyaya zuciyar Derrick da jikokinka da dukan zuriyar Yashim na gida da na nesa. Allah ya saka wa Malam Zakariyya'u da matan zumunta da alheri. Allah ya tsare unguwar nan da duk waɗanda suka ƙi barinta, ya ba Mama lafiya da ƙarfin gwiwa.

Masu zuwa gaisuwa kuma, muna godiya, ƙofa a buɗe take. Sai dai wanda ya iso kafin ƙarfe goma na safe ba zai sami Mama a ɗaki ba. Ya zagaya ta bayan gida ya gangara bakin rafi, tana can tana ban ruwa.