Mazurarin da ya kusa zubar mini da mutunci

Shekarun baya can, lokacin ina sayar da zoɓo a bakin ruwa a Yelwa, inda jirage ke sauke mutane ranar kasuwa, ƙanin maigidana ya kawo mini tsaraba. Shi sana'arsa kayan kicin na gwanjo. Ya miƙo mini wani ɗan kwali ya ce, "Matar Yaya, ga naki. Na gaji da ganin kina fifita zoɓo da ludayi kamar mai shirin ba jariri koko."

Na buɗe, sai ga ɗan mazurari garau kamar gilashi, bai fi tsawon tafin hannu ba, da ƙananan huji biyu a gefensa. A jikin kwalin akwai hoton hannu yana zuba wani abin sha ja wur ta cikinsa, yana sauka a kofi mai doguwar ƙafa. Na ce, "Ikon Allah, ashe Turawa ma suna shan zoɓo!" Ya ce, "To da mi kika zata suna sha?" Akwai rubutu a ƙasan hoton, amma lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Hausa nakan haɗa baƙi a hankali, Turanci kuwa sai kallo.

Mahaifiyata ce ta koya mini zoɓo, kuma tana zaune tare da mu a lokacin. Ƙa'idarta ɗaya ce: in an tace, an sa citta da kanumfari, ba a sha sai ya sha iska. A ɗebo da ludayi, a ɗaga sama, a sako, har hannu ya gaji. Ta ce haka ɗacin ganyen ke kwantawa, ƙamshi ya taso. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Da na zuba zoɓo a mazurarin nan, sai ya yi wani kuka, shuuu, kamar yana tsotsar iska ta hujin nan, ya fito da ɗan kumfa a kai. Na sake zubawa. Na toshe hujin da yatsa, kukan ya tsaya. Na saki, ya dawo. Ni da ya kamata in bar wa yara wasa, na wuni ina wannan. Inna ta ce, "Mi ke kuka haka?" Na ce, "Abin ba zoɓo iska ne, Inna." Ta ce, "To ɗan iska ke nan." Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu.

Na fara zuwa da shi bakin ruwa. Ba na ɓoyewa, a gaban mai saye nake zubawa don ya ji kukan. Matan da ke zuwa daga Warra da kifi suka sa masa suna zoɓo mai kuka. Akwai wani dattijo, matuƙin jirgi, da ya daɗe yana sayen zoɓona, ya ce, "Hajiya, yanzu har injin gare ki, kin fi jirgina." Kusan wata guda ina haka, kaina ya yi girma.

Wata rana na ɗauki kwalin na kai wa malamarmu ta yaƙi da jahilci, don kawai ta karanta mini yadda ake wanke shi. Ta duba, ta juya kwalin, ta dube ni. Ta jira sauran mata suka fita, sannan ta ce, "Maman yara, wanga ba zoɓo ba ne a hoto. Giya ce ta inabi. Don ita aka ƙera shi, wai in an buɗe kwalba a ba ta iska nan take."

Na karɓi kwalina na nufi gida. Kayan gwanjo ne, wa ya san abin da ya bi ta cikinsa kafin ya zo hannuna? Na shayar da mutanen kasuwa, na shayar da masu azumin nafila, na shayar da Inna. Kuma na san bakin ruwa. In magana ta fita cewa zoɓona ta mazurarin giya yake bi, kafin ta haye kogi ta zama giya nake sayarwa. Ba cinikin ne ya dame ni ba, sunana ne, da na maigidana.

Maigidan ya je ya tambayi limamin unguwarmu. Ya dawo ya ce in dai an wanke abin sosai ya tsarkaka, ni kuma na wanke shi da sabulu da ruwan zafi tun ranar farko. Zuciyata ta ɗan sauka. Ƙanin maigidan kuwa kwana uku bai leƙo gidan ba.

Sai wani abu ya tsaya mini a rai. Duk wannan tashin hankali, shin abin yana ma aiki? Ko kuka kawai yake? Na dafa zoɓo da safe, na raba shi uku. Ɗaya na bi da shi ta mazurarin, ɗaya na fifita da ludayi, ɗaya na zuba a ƙwarya mai faɗi, na rufe da faifai, na je na yi wanki na dawo. Idon Inna ya riga ya yi rauni, ba ta ganin wane ne wane. Na jera mata kofi uku.

Ta kurɓi na mazurari, ta ce, "Ba laifi." Ta kurɓi na ludayi, ta ce, "Ba shi ne kika ba ni yanzu ba?" Ta kurɓi na ƙwarya, ta sake kurɓa, ta ce, "Wanga ne zoɓo. Mi kika yi mishi?" Na ce, "Ban yi komai ba, Inna, ajiye shi na yi." Ta ce, "To shekara nawa muna wahal da hannu a banza?" Muka yi ta dariya har ta ƙware.

Ranar kasuwa ta gaba na tafi ba mazurari. Na yanke cewa gara su ji daga bakina. Dattijon nan ya zo ya ce, "Ina injin?" Na faɗa masa komai, da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Wata mai kifi ta yi salati ta ajiye kofinta, ta tafi. Shi kuwa dattijon ya ce, "Ni ma da ja na gani a hoto, zoɓo zan ce. Zuba mini biyu." A tsaye ya shanye, a gaban kowa. Wasu sun ƙaurace mini na ɗan lokaci, mai kifin nan sai bayan sallah ta dawo, amma ba wanda ya taɓa jifana da mummunar magana.

In kun tambaye ni ko abin yana aiki, yana yi, daidai aikin ludayi, sai dai ya fi sauri ya fi surutu. Masu abin da aka ƙera shi dominsa su suka san nasu. Ni abin da na gano a zoɓo, mai haƙurin ajiyewa ya fi mu duka. Na kuma daina yarda da hoto. Dalilinsa na nace a aji har na fara gane baƙin Turanci, kuma kalmar da ke jikin kwalin nan ita na fara karantawa da kaina.

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙanta. Mazurarin yana nan a ƙasan kwallata. Jikokina kan ciro shi su zuba ruwa don su ji kukan, su tambaye ni sunansa. Nakan ce ɗan iska. Uwarsu ta ce mini, "Haba Inna, a gaban yara?" Sai in ce ba ni na raɗa masa ba.