Abin da Inna ke kiran yayana

Yayana ɗan fari ne, don haka ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Kunya ce, haka ta tarar ana yi a ƙauyenmu da ke kwarin Bouza. Yana yaro "wancan" take cewa. Da ya shiga soja sai Allah ya ba ta mafita, ya koma "sojan nan". Ai kuwa ta ci moriyar kalmar! A rijiya, a kasuwa, ko kuɗin gishiri aka tambaye ta sai sojan nan ya shigo zancen. Har gidanmu ya zama gidan soja.

In ya zo permisiyo, wato hutun soja, da kakinsa, mu kan sa shi ya yi mana fareti a tsakar gida, Inna ta kawar da kai tana leƙensa ta gefen mayafi.

Zuwan da ya yi bayan cirar albasa ne ya ba ni tsoro. Ya sauko daga motar kasuwa da tsohuwar riga da rawani, ka rantse ɗan ci-rani ne. Bai ko sha ruwa ba ya cire hotonsa mai kaki daga bango.

Na ce ina kakin? Ya ce min an koya musu haƙa rami, da tsayuwa a layi, da jiran abokin gaba ta inda aka san zai ɓullo. 'Yan bindigar da suke yaƙa yanzu kuwa a kan moto, wato babur, suke zuwa, shigarsu irin ta kowa. Su binne nakiya a hanya su wuce, su zauna a kasuwa suna tambayar wane gida ne ke da ɗa a soja.

Ya durƙusa gaban Inna. "Inna, ki bar hwaɗin sojan nan. Ko ga rijiya. Su sun san mu, mu ba mu san su ba."

Ta ce, "To mi za ni riƙa ce maka?"

Na ji haushi ƙwarai, kuma har yau ban san wanda zan ji haushinsa ba.

Ta bi maganarsa. In an tambaye ta shi, sai ta nuna arewa da haɓa. Maƙwabta ma suka koma ce wa gidanmu gidan mai tsamiya.

Duk wannan bai tsare shi ba. Da damina motarsu ta taka nakiya. Ba a kawo mana gawa ba. Masu ta'aziyya suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, murya ƙasa, liman ya yi addu'a bai ambaci aikinsa ba.

Da aka watse, na sami Inna a ɗaki riƙe da hoton nan. Tana kiran sunansa, ainihin sunan yanka, da ƙarfi, tana maimaitawa. Na ja ƙofa na rufe don kada a ji daga waje.