Anti Babu da Bulo Mai Mantuwa

A ofishin da ke saman shagon sayar da fenti, inda warin fenti yake riga kowa hawa matakala, ba wanda yake kiranta da sunanta na yanka. Anti Babu ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Anti, shafin nan zai yi kiɗa idan an buɗe shi? Babu. Hotunan za su riƙa juyawa da kansu? Babu. To mai kantin ya ce ko ɗan tsuntsu ne a sa masa yana tashi a kusurwa. Babu, ka ce masa ya sayi keji. Ta raba wa jama'a babu ba iyaka, yawancinsu kuma da gaskiyarta. Guda ɗaya ce ta bi ta har gida, ta kusa sa mahaifinta ya yanke ƙauna da ƙwaƙwalwarsa.

Aikinta gina shafukan intanet, na masu kanti da ƙananan makarantu da duk mai son duniya ta san yana nan. Ba ta fara kowane shafi daga tushe. Tun tana sabuwar shiga ta zauna ta ƙera abin da suke kira kwarangwal a ofishin, wato ginshiƙin da ake ɗora shafi a kai, da tarin ƙananan sassa da ake jerawa, su kuma suna ce musu bulo. Akwai bulon hoto, akwai na rubutu, akwai na taswira. Mai takalma ya zo a ɗebo a jera masa, makaranta ta zo a sake jerawa ta wata fuskar. Manyan kwarangwal na duniya suna nan kyauta, ta kuma san su ciki da bai, nauyinsu ne ya raba ta da su. Ta taso da waya mai tsagaggen gilashi a unguwar da sabis yake zuwa sai ya ga dama, ta san takaicin zama kana kallon 'yar da'irar nan tana juyawa har data ta ƙare. Sai ta ɗauki alkawarin nata shafin zai buɗe ko a wayar da ta ga jiya ta ga yau.

Don haka ta kafa doka. Kowane bulo da harkarsa: bai san maƙwabcinsa ba, ba ya riƙe wa kowa ajiya, in ya lalace shi kaɗai zai lalace. Takan ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ita kuwa bangonta ba tsaga. Sannan duk abin da zai shiga kwarangwal sai wani ya fita, don kada nauyi ya ƙaru.

Mai shan wahalar dokar nan shi ne abokin aikinta da teburinsa yake fuskantar nata, wani kakkauran mutum mai fara'a da ko shayi aka zuba masa sai ya miƙo kofi a ƙara. Shi ya sa ake ce masa Ƙari. Shekaru suna gardama guda, ba wanda ya gaji.

"Anti, in kana da kyau ka ƙara da wanka," zai fara. "Kwarangwal ɗin nan namu ba shi da ma'ajiya. Mutum ya yi rubutu a bulo, ya ɗan leƙa wani ya dawo, sai ya tarar an share masa. Na wasu duk suna da inda bulo zai ajiye kayansa kafin ya fita."

"Su kuma nauyinsu fa?"

"To, ai ba a rasa ba."

"Taura biyu ba ta taunuwa, Ƙari. Mai sayen takalmi me zai rubuta? Lambar ƙafarsa ce, in ta goge ya sake."

"Labulenki fa, shi ba nauyi ba ne?"

A nan take ɗaure fuska ta juya ga kwamfutarta, shi kuma ya yi dariya har kujerarsa ta yi ƙara. Labulen shi ne ado ɗaya tilo a duk kwarangwal ɗin: idan ka tashi daga wani sashe zuwa wani, sai allon ya zame gefe a hankali kamar an yaye labule. Ba ya tsinana wa kowa komai. Amma shi ne abu na farko da ta taɓa rubutawa ya yi aiki, kuma ranar da ta nuna wa mahaifiyarta, tsohuwar ta sa ta maimaita har batir ya ƙare. Ƙari ya san da haka, shi ya sa ba ya wuce tsokana.

Bayan rasuwar mahaifiyar, Baba ya dawo gidan Anti, aka ba shi ɗakin da tagarsa take kallon igiyar shanya. Tsohon mai gyaran agogo ne, mutum mai tsari wanda ko allura ya ajiye ya san inda take. Yayyenta da ƙannenta duk sun watsu a garuruwa, sai ta ɗebo bulo ta haɗa wa dangi shafi nasu na kansu: tsofaffin hotuna, ƙarƙashin kowanne da wurin da za a rubuta labarinsa. Ba ta zaci Baba zai kula ba, sai ga shi ya fi kowa. Da yatsa ɗaya yake rubutu, tabarau a kan karan hanci, yana neman kowane harafi kamar yana zaɓen ƙaramar ƙusa. Ya tona asirin babban yayansu da ya yi kuka ranar da aka fara kai shi makaranta, ya tona na ita Anti da ta taɓa kwance rediyon gidan ta kasa mayarwa. Dangi suka riƙa tashi da safe suna duba wanda Baba ya kama yau.

Da labaran suka fara tsawo, sai suka ɗauke cak. Ta ɗauka ya gaji ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, don a lokacin ne ya fara wasu abubuwan da ba halinsa ba. Sai ya kulle ƙofarsa ya dawo ya sake tura ta. Ya daina fita shi kaɗai zuwa bencin da suke hira da abokansa, ya ce ƙafa ce. Maigidanta ya ce mata, "Ki lura da Baba, dariyarsa ta ragu." Ta tambaye shi, ya ce lafiya lau, kuma Baba idan ya ce lafiya lau to an rufe zancen.

Wata safiyar Asabar tana shanya, ta hango shi ta taga zaune a bakin gado da wayarsa. Hoton mahaifiyarta ne a allon, tana matashiya, tsaye a ƙofar ɗakin hayarsu na farko da wani abu a hannu. Baba yana rubutu a ƙarƙashinsa, ya daɗe yana yi, har rubutun ya cika allon. Can ya so ya ga abin da ke hannunta da kyau, ya danna hoton. Labule ya yaye, hoto ya fito babba, ya kalla ya gyaɗa kai, ya danna ya koma. Wurin rubutun fari tas.

Bai yi tsaki ba, bai zagi wayar ba. Ya ajiye ta a hankali, ya dafe kansa da hannu biyu, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yau ma ban rubuta ba ke nan. Kuma na rantse na rubuta." Daga nan ya shiga jero sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa auta, yana gwada kansa.

Ta tsaya, jiƙaƙƙiyar riga a hannunta tana ɗiga a ƙafarta. Tausayi ya kama ta, kunya ta biyo baya. Ta yar da rigar a bokiti ta shiga ɗakin ta durƙusa gabansa.

"Baba, ba kai ba ne. Shafin ne yake gogewa."

"Uwata," haka yake kiranta tun tana goye, "kada ki lallashe ni. Na yi rayuwata da injuna. Inji ba ya mantuwa, mutum ne yake yi."

Ta karɓi wayar ta rubuta 'yan kalmomi a gabansa, ta danna hoto, ta dawo, ta nuna masa farin wuri. Ya dube ta da murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Ke ai kin san inda kike taɓawa. Kin goge ne don ki faranta mini. Allah ya yi miki albarka, tashi ki ƙarasa shanyarki."

Ta ga magana ba za ta yi ba. Shi da ya yarda aikin 'yarsa yana kuskure, gara masa ya tuhumi kansa. Sai dai ya yi da hannunsa ya tarar da rubutunsa yana jiransa.

Ranar Litinin ta riga warin fenti hawa matakala. Ƙari na shigowa, ko jaka bai sauke ba, ta ce, "Ma'ajiyar nan da kake faɗa."

Ya tsaya ya sa yatsa ya sosa kunne. "Anti, kunnen nan ya kwana biyu yana ba ni matsala. Me kika ce?"

"Ka ji ni."

"A kira mai fenti ya zo ya yi shaida?"

"Ƙari, Baba ne."

Da ta ba shi labari, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ja kujera ya buɗe kwamfutarsa, ashe mutumin naka ya daɗe da rubuta abin ya ɓoye, yana jiran ranar da rana za ta fito ta yamma. Suka zauna a kai har azahar ta gota, suna gardama kamar kullum, sai dai yau a kan yadda za a yi ne. Ita ta ga abin da take gudu tun farko: da zarar bulo sun haɗa ma'ajiya ɗaya, to an huda ƙofa a bangonta, laifin ɗaya yana iya shafar saura. Shi ya ce a yi ƙofar ƙarama, bulon rubutu kaɗai za a ba makulli. Ita ta ce waya ɗaya mutum nawa suke amfani da ita a gida, kada rubutun wani ya kwana wani ya karanta, suka yarda da an aika sai a share. Da suka gama suka auna, nauyin ya haura. Suka duba abin da zai fita, taswira ba ta fituwa, hoto ba ya fituwa. Abu ɗaya ne nauyinsa ya yi daidai, kuma su biyun sun gan shi.

"Anti, ki karya dokar sau ɗaya," in ji Ƙari, wannan karon ba tsokana. "Wa zai sani?"

"Wayar Baba za ta sani. Ta tsufa, da ƙyar take jan na yanzu."

Da hannunta ta cire labulen. Ya yi mata ciwo sosai, fiye da yadda ta zata, ba ta kuma ɓoye ba. Ƙari ya tashi ya haɗa shayi ya ajiye mata, ya manta ma bai zuba wa kansa ba.

Da yamma ta sami Baba a kujerar bakin ƙofa. Ta miƙa masa wayarsa ta ce ta gyara shafin, ya gwada. Ya ƙi. Ta ce to ita ba za ta tashi ba, kuma ya san daga wanda ta gaji taurin kai. Ya yi ƙwafa ya sa tabarau, ya buɗe shafin, nan da nan ya ɗago.

"Ina labulen?"

"Na cire shi, Baba."

"Mahaifiyarki tana son sa."

"Na sani."

Ya nemo hoton, ya fara rubutu da yatsansa ɗaya, ita kuma ta mayar da hannuwanta baya don ya ga ba ta taɓa komai ba. Da ya yi layi biyu sai yatsan ya tsaya a saman hoton. Ya danna. Hoton ya fito nan take, ya danna ya koma. Layinsa biyu suna nan, har da harafin da ya yi kuskure.

Ya sake dannawa ya dawo, suna nan. Ya sake. Ya kashe allon gaba ɗaya, ya jira, ya kunna, suna nan.

"Abin da nake yi kullum shi na yi yanzu," ya ce.

"Shi ne, Baba."

"Ashe ba ni ba ne."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga, alhali ba abin da ya same shi. "Har na fara shirya yadda zan gaya miki," ya ce, bai dube ta ba. "Kullum in ce gobe, don ban so ki tsorata ba."

Ya mayar da tabaran, ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da. "To tashi ki ba ni wuri. Zancen mahaifiyarki zan rubuta, ba na yi kina tsaye a kaina, kuma kin tare mini haske."

Ta shige ciki ta jingina da bangon bayan ƙofa. Baba yana can yana farautar haruffansa. Can sai ta ji shi ya fashe da dariya shi kaɗai, a kan wani abu da ya tuna.