Yinin da Na Sace 'Yata Daga Asibitin Mishan

A shekarar da ake tsaka da aikin gadar kogin Kwara a Anacha, muna zaune a wani gidan haya mai ɗaki takwas, kusa da inda manyan motoci ke sauke doya da albasa. Mijina mahauci ne, ni kuma ina suyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Shekarata ashirin da uku a lokacin, na haihu sau uku, ɗaya ce ta tsaya. Biyun farko ko ranar suna ba su kai ba. Wadda ta tsaya ɗin mace ce, tana cikin shekara ta huɗu, bakinta ba ya hutawa, kuma ta fi ni jin yaren Ibo nesa ba kusa ba.

Ɗakin da ke kallon namu na wata mai sayar da garin rogo ne, 'yar Ibo, Kirista, wadda ba ta fashin zuwa coci. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Amarya, ko da yake na daɗe da wuce amarci. Hausarta guntu-guntu ce, Turancin buroka nawa ma haka, da su muke haɗawa mu fahimci juna. Ta taɓa rasa ɗa namiji kafin mu zo gidan.

Mijina ya tafi arewa gaisuwar rasuwar mahaifinsa, bai fi kwana uku da tafiya ba ƙyanda ta kama yarinyar. Na yi duk abin da na ga ana yi a gida, ƙurajen suka fito suka bushe, na ɗauka an wuce wurin. Sai tari ya biyo baya. Numfashinta ya koma sama-sama, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Madam ta leƙo ta gan ta, ta ɗauko mayafina ta miƙo mini. Muka tafi asibitin mishan.

Aka ba mu gado a ɗakin yara. Sistar da ke kula da ɗakin ta ce ciwon ya sauka a ƙirji, za a riƙa yi mata allura a kan lokaci, kada a tsallake ko ɗaya. A bangon da ke fuskantar gadonmu akwai wani babban hoto: wata halitta da farar riga har ƙasa, gashi ya zubo kafaɗa, ga fukafukai, ta sunkuya kan wani yaro mai barci. Duk sa'ad da zazzaɓin ya ɗan sake ta, hoton take kallo.

"Inna, wancan mace ce ko namiji?"

Na ce ban sani ba. Madam ta ce mata da yarensu mala'ika ne, mai gadin yara. Yarinyar ta ce ai gashin irin na mata ne, amma ƙafar irin ta Baba. Muka yi dariya. Ita ce dariyata ta ƙarshe a wannan watan.

A rana ta uku ta daina magana. Da hantsi Madam ta zo da kunu a kwano, ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ja ni gefe. Ta ce in bari fada, wato limamin cocinsu, ya zuba mata ruwa a ka, yadda suke yi wa 'ya'yansu. Ta nuna hoton ta ce in abin ya zo, to irin wancan za ta zama. Ta ce nata ma haka aka yi masa, yanzu yana can da fukafukansa.

Ban yi fushi ba, na san don ƙauna ta faɗa. Tambaya ce kawai ta fito daga bakina. Na ce, "Madam, naki namiji ne. Tawa mace ce. Ita me za ta zama?"

Ta ce, "Can babu mace, babu namiji. Duk ɗaya."

Tun ina ƙarama mahaifiyata ke gaya mini cewa yaran da suka riga iyayensu tafiya suna tsayawa a ƙofar Aljanna, su ƙi shiga sai sun riƙo zanen uwarsu. Da wannan maganar na haƙura da biyun farko. Amma su ko fuskarsu ban gama riƙewa ba. Wannan kuwa na san ta. Na san tabon goshinta, na san yadda take ƙin a taɓa mata ƙeya in ana kitso. In aka mayar da ita wani abu mai fukafukai wanda ba mace ba namiji, ta yaya zan gane ta a cikin dubbai masu kama ɗaya? Ita ma za ta san ni ce uwarta? Na ga kamar mutuwar ba ita ce babbar asarar ba, akwai wadda ta fi ta a bayanta.

Madam ta fita wanke kwano. Ba a jima ba wani fada Bature ya shigo da doguwar farar riga da 'yar kwalba a hannu, ya nufi wani gado a can ƙarshen ɗakin, inda wata mata ke kuka. Ba wajenmu ya zo ba, ko kallonmu bai yi ba. Amma ni na lissafa gadajen da ke tsakaninmu, biyar ne. Na sungumi yarinyar, na goya ta, na rufa mayafi, na bi ta ƙofar baya inda ake shanya zannuwan gado. Ba wanda ya tsayar da ni.

Da ƙafa na tafi, rana ta take. Ina jin zafin jikinta a bayana kamar na goyi tukunya. Ban nufi gida ba, masallacin unguwarmu na nufa. Limamin tsoho ne, Bakatsine, na same shi a rumfarsa ya idar da azahar. Na durƙusa daga nesa. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi maigida da labarin hanya, ni kuwa kamar in fashe.

Na ce, "Allah gafarta malam, mala'iku maza ne ko mata?"

Ya dube ni, ya dubi abin da ke bayana. Ya ce ba a siffanta su da maza ko mata, halitta ce daban, daga haske aka yi su. Na kwashe duk abin da ya faru na gaya masa. Ya ce ɗan Adam ba ya zama mala'ika, ko da an zuba masa Kwara gaba ɗaya a ka.

"To nasu fa, malam? Na Kiristan?"

"Nasu ban karanta ba, 'yata, ba kuwa zan ɗora musu abin da ban sani ba." Ya matso ya yi mata tofi, ya saurari numfashinta. "Tashi ki mayar da ita asibiti yanzu."

Na fito, amma ƙafata ta ƙi ɗaukar hanyar. A raina na ce namu kawai malam ya sani, asibitin kuwa nasu ne, a can nasu ne zai yi aiki. Na zauna a gindin wata katanga kusa da masu awon shinkafa. In na koma, ina ganin za a canza mini ita. In na ƙi, ina ji da kunnena yadda numfashin ke ƙara gajarta. Na yi ta jijjiga ta ina cewa ta yi haƙuri, ban ma san haƙurin me nake ba ta ba.

A nan Madam ta same ni, ba takalmi a ƙafarta, ta zaga gida da kasuwa tana nemana. Ta fara faɗa, sai ta ga fuskata ta daina. Na ce ba zan koma ba sai wanda ya san littafinsu ya gaya mini gaskiya. Ta kama hannuna ta ja ni bayan cocinsu, gidan wani tsoho mai koya wa mutane addini. Ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa a Zariya, Hausarsa kamar a can aka haife shi. Mun same shi yana liƙin tayar kekensa.

Ya saurare ni har na gama, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce, "'Yata, wancan hoton mai zane ne ya yi shi, kuma bai taɓa ganin mala'ika ba. Ya nemi fuskar da ba za ta tsorata yara ba ne. A wurinmu mala'iku ruhohi ne, ba su da jiki, ba sa aure, ba sa haihuwa, saboda haka ba maza ba ne, ba mata ba. In an aiko su wurin mutane sukan zo da kamannin maza, amma aro ne, kamar yadda mutum kan ari riga."

Na ce, "Shi ne abin da nake tsoro, Baba. Kada a mayar mini da ita haka."

"Wa zai mayar da ita? Mutum ba ya zama mala'ika, a namu ma. Ruwan nan ba ya sa wa kowa fukafukai. Iyaye mata ne ke faɗin haka don zuciya ta yi sanyi. 'Yarki mace Allah ya yi ta, mace kuma za ta tashi."

Sai na ji wani sauti a gefena. Madam ce. Ta fahimci abin da ya faɗa, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Shekara shida tana ganin ɗanta da fukafukai, yau a gabana aka cire masa su saboda tambayata. Tsohon ya juya ya yi mata magana da yarensu, a hankali, ya ɗan daɗe. Ban ji duka ba, na dai tsinci inda ya ce ɗanta yana nan ɗanta. Sannan ya ce mini ba wanda zai zuba wa yarinyar komai ba da yardata ba, shi da kansa zai je ya faɗa. Ya bar keken a kife, ya tsayar mana da tasi, muka tafi tare da shi.

La'asar ta yi sa'ad da muka isa. Allurar tsakar rana ta wuce. Sistar ta karɓi yarinyar daga bayana ba tare da ta dube ni ba, sai da ta gama abin da za ta yi sannan ta juyo ta wanke ni tas. Tsohon ya yi mata bayani, ya je ya sami fadan, ya dawo ya ce an gama magana.

Kwana biyu yarinyar ta ƙara. Ranar ta biyun da hantsi ta buɗe ido ta nemi ruwa, na ba ta a cokali, ta sha rabi. Ina gyara mata matashi ta cika.

Na bi sistar har baranda na riƙe mata hannu, na tambaye ta ko fitar da na yi da ita ce. Ta ce ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin mu zo. Ta faɗa da sauri, idonta a kan wani abu daban. Har yau ban san ko gaskiya ta gaya mini ko tausayi ba ne.

Abokan sana'ar mijina suka zo suka ɗauki yarinyar, limamin ya yi mata salla, aka kai ta maƙabartar Hausawa. Matan unguwa suka cika ɗakina. Madam ta zo ta zauna a bakin ƙofa da ɗankwali a kanta, kwana uku ba ta fita kasuwa ba. Ba mu sake tayar da maganar ba, ni da ita, har muka bar garin bayan shekara biyu.

Mijina ya dawo ranar kwana biyar da rasuwarta, tun a tasha aka tare shi da labarin. Ya shigo ya zauna a bakin gado da jakarsa a hannu, bai ajiye ba. Can ya tambaye ni ko an kai ta asibiti da wuri, na ce an kai. Ya tambaya ko an yi mata duk abin da ya kamata. Na ce an yi. Ya ce to, alhamdu lillahi, ya tashi ya ɗauki buta. Mun yi shekara talatin da ɗaya tare bayan wannan, na haifa masa huɗu, ya rasu ban gaya masa ba.