Itatuwan Mangwaro a Filin Aro: Rayuwar Malam Barnabas Didam

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Barnabas Didam, wanda mutanen Kazaure suka fi sani da Mai Inji, a garin Zonkwa cikin shekarar 1950. Mahaifinsa, Didam Kazah, manomin citta ne kuma dattijo a majami'ar garinsu, mahaifiyarsa kuwa sunanta Saratu. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Gidansu yana da wata al'ada da suka gada daga kakanni: duk lokacin da aka yi haihuwa, uban jariri zai dasa itace a bayan gida ya kira shi da sunan yaron, idan yaron ya tasa kuma a ɗora masa aikin ba shi ruwa. Barnabas ya tashi yana ɗaukar wannan a matsayin abin da kowane uba yake yi a ko'ina, kamar raɗin suna, bai taɓa zaton akwai ƙasar da dashen itace yake da wata ma'ana dabam ba.

Karatu da Koyon Sana'a

Ya shiga makarantar mishan ta garinsu a shekarar 1958, ya kammala a 1964. Karatun littafi bai karɓe shi sosai ba, kuma shi ma bai matsa wa littafin ba, amma duk abin da yake da ƙusa da ƙarfe, idan ya shiga hannunsa sai ya ga abin da ke cikinsa. Bayan ya kwance keken limamin majami'arsu ya mayar da shi ba tare da izini ba, mahaifinsa ya fahimci inda yaron ya nufa, ya tura shi Kaduna wurin wani ɗan'uwansu makaniki. A can ya shafe shekaru yana koyon gyaran manyan injuna, musamman na jan ruwa da na niƙa, har aka yaye shi a shekarar 1972.

Aikin Gwamnati da Zuwa Kazaure

A shekarar 1975 ya sami aikin gwamnati a ɓangaren ruwan sha, aka turo shi Kazaure, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. Aikinsa shi ne zagayawa a kan babur zuwa Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Ɓaɓura, duk inda injin ruwa ya tsaya. A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ya tarar da wata motar hatsi ta lalace kusa da Kanya Babba, mai kayan yana tsaye cikin rana ya rasa ta yi. Wannan mutum shi ne Alhaji Nuruddeen Maikasuwa, falken gero, mai gonaki da yawa a gefen Kazaure. Barnabas ya tayar da motar, kuma daga ranar suka ƙulla zumuncin da ya wuce shekara talatin. Alhaji mutum ne mai kara ƙwarai, irin wanda zai gwammace ya yi asara da ya faɗa wa mutum maganar da za ta kunyata shi.

Aure da Iyali

Malam Barnabas ya auri Juliana Shekari, 'yar wani malamin makaranta daga Kafanchan, a shekarar 1979. Allah ya ba su Levi a 1980 da Sammy a 1983, a lokacin suna zaune a gidan ma'aikata, inda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasar da zai dasa wani abu. Wannan ya tsaya masa a rai, yana jin kamar bai gama cika wa 'ya'yan nan haƙƙinsu ba. Daga baya aka haifi Rahila a 1986, Jennifer a 1990, sai auta Sophia a 1993. Rahila ta rasu tana da shekara uku sakamakon cutar ƙyanda, kuma Juliana ba ta taɓa warkewa daga wannan rashi ba.

Aron Fili da Kafa Injin Niƙa

Ragin ma'aikata na shekarar 1984 ya rutsa da shi. Ya fara ɗaure kaya zai koma gida, sai Alhaji Nuruddeen ya hana shi, ya kai shi gefen wata gonarsa da ke wajen gari kusa da hanyar Daura, ya nuna masa kusurwa guda a gaban mai unguwa, ya ce ya kafa injin niƙa ya zauna iya zamansa. Aro ne, ba kyauta ba kuma ba sayarwa ba, kowa ya ji, shi ma Barnabas ya ji.

Abin da bai ji ba shi ne sharaɗin da ba wanda ya faɗa, domin a wajensu ba abin faɗa ba ne. A yankin nan, wanda aka ba aron ƙasa yana iya noma, yana iya kafa rumfa, amma ba ya dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da shaidu, kuma idan shekaru suka yi nisa aka manta da abin da baki ya faɗa, sai a tambayi wanda ya dasa. Saboda haka dashe a filin aro daidai yake da cewa filin ya zama naka.

Damina ta farko da ta same shi a wurin, Malam Barnabas ya dasa mangwaro biyu, na Levi da na Sammy, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, zuciyarsa fes. Alhaji ya zo wucewa ya gan su. Waɗanda suke wurin sun ba da labarin cewa ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya gaishe shi, ya tambaye shi aiki, ya yi gaba. Alhaji bai taɓa tayar da maganar dashen ba, kuma ya hana iyalinsa su tayar. Haka aka ci gaba, kowace haihuwa da nata dashen, har itatuwa suka zama biyar.

Bunƙasar Bakin Inji

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991, Kazaure ta fara faɗaɗa ta kowane gefe. Ma'aikata da ɗalibai suka ƙaru, gonakin gero suka riƙa komawa fulotai, gidajen bulo suka cika inda a da ake kiwo. Injin da aka kafa a daji sai ga shi a tsakiyar unguwa, har unguwar ta ɗauki suna Bakin Inji. Inuwar mangwaron ce ta jawo masu ƙananan sana'o'i. Saude mai fura ce ta fara zama, sai Ikilima mai ƙosai, sai mai facin taya da tela da mai gyaran rediyo. Duk wanda ya zo neman wuri, Malam Barnabas ba ya cewa zauna, sai ya tura shi wurin Alhaji ya nemo izini tukuna.

Da yake Malam Barnabas yana kiran itatuwan da sunayen 'ya'yansa, sai jama'a suka ɗauka. Mai faci yana ƙarƙashin Levi, Ikilima tana ƙarƙashin Sammy, 'yan acaɓa kuwa sun mamaye Jennifer ba su da niyyar tashi. A bakin 'yan kasuwar abin raha ne. A wasu zaurukan gari kuwa ba raha ba ce. Can ana cewa baƙon nan bai tsaya ga dashe ba, har ya raba wa 'ya'yansa gado a gonar mutane tun mai gonar yana da rai. Maganar ta yi shekara da shekaru tana yawo, ta shiga ko'ina ban da kunnen wanda ake yi a kansa.

Rasuwar Alhaji da Rabon Gado

Alhaji Nuruddeen Maikasuwa ya rasu a shekarar 2009. A shekarar da ta biyo baya magada suka tashi rabon gado, kuma gonar bakin hanya ta zama mafi daraja a duk abin da ya bari. Babban ɗansa, Mujittaba, ba mugun mutum ba ne, amma dillalai sun gaya masa ba wanda zai sayi filin da itatuwan wani suke ciki, ga kuma ƙannensa marayu suna jiran rabonsu. Sai aka kai maganar gaban mai unguwa.

A wannan zaure ne, yana da shekara sittin, Malam Barnabas ya fara jin ma'anar abin da ya yi. Ya tambaya me ya sa ba wanda ya taɓa gaya masa, aka ce an ɗauka ya sani. Wasu daga cikin 'yan majami'arsu sun ba shi shawarar ya ɗauki lauya, suna ganin da daɗewar zamansa da itatuwan nan zai iya riƙe wurin. Ya ƙi, domin ya ga idan ya ci nasara ta wannan hanya, to ya tabbatar da abin da ake zarginsa da shi ke nan. Filin yana da muhimmanci a gare shi, a nan abincinsa yake, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne tunanin cewa amininsa ya shekara ashirin da biyar yana gaisawa da shi da wannan zato a zuciya, kuma ya tafi babu damar a yi masa bayani. Da aka koma zama na biyu, maganarsa gajera ce.

“Ranka ya daɗe, aro aka ba ni. Idan itace ne yake cewa ba aro ba ne, to zan kawar da shi.”

Sare Itatuwan

Ya nemi izinin malaman daji, ya wasa gatari. Lokacin mangwaro yana fure ne. 'Ya'yansa maza sun roƙe shi ya bari su yi, ko a kira masu injin yanka, ya ce wanda ya dasa shi zai sare. Ya fara da na Levi, washegari na Sammy, ya tsallake na tsakiya, ya sare na Jennifer da na Sophia. Masu sana'a suna janye tebura suna kallo. Shi kansa Mujittaba ya aiko a ce masa ba haka ake nufi ba, amma aiken bai zo da wata mafita ba, saboda haka gatari bai tsaya ba.

Da ya rage na Rahila kaɗai, ya iso da safe ya tarar da Juliana zaune a gindinsa ta jingina bayanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ba. Shi ma ya kasa ce mata ta tashi. Saude mai fura ce ta bar ƙwaryarta ta hau mota zuwa Roni, inda babbar 'yar Alhaji, Hajiya Halimatussa'adiyya, take aure, ta kwashe labarin al'adar gidan su Barnabas da na yarinyar da ta rasu ta gaya mata. Kafin la'asar Hajiya ta iso, ta same su yadda Saude ta bar su.

“Baba, ajiye gatarin nan,” in ji ta. “Ba a gonar mahaifina za a yi wannan ba.”

Ta nemi 'yan'uwanta su sanya wannan kusurwa cikin rabonta, ta bar musu fulotin bakin titi da ya kamata ya faɗo mata, wanda ya fi kusurwar daraja nesa ba kusa ba. Daga nan ta sabunta aron a gaban mai unguwa. Sauran gonar an yanka an sayar, aka gina jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe, waɗanda hayarsu ta fi ƙarfin mutanen da suka raya wurin. Da inuwa ta tafi, kasuwar ta watse. Ikilima ta koma tasha, mai faci ya tafi 'Yankwashi, tela ya mayar da kekensa cikin gida. Malam Barnabas ya wanke sunansa, amma ya sani sarai ba shi kaɗai ya biya ba, kuma wannan ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun Ƙarshe

Daga shekarar 2014 ƙarfinsa ya fara raguwa, idanunsa kuma suka yi rauni, sai ya miƙa wa Sammy injin. Ya yaye makanikai da dama waɗanda yanzu suke da wurarensu a Gwiwa da Roni da Ɓaɓura. A majami'a an san shi da hali guda: duk baƙon da ya zo daga kudu neman zama, kafin ya tambaye shi sunan garinsu sai ya zaunar da shi ya karanta masa hukuncin aron ƙasa, har matasa suna tsokanarsa da cewa ya fi mai unguwa sanin al'ada. Bai sake dasa ko barkono a filin ba. Jikokin da aka haifa masa kuwa, aike yake yi Zonkwa a dasa musu a bayan gidan kakanninsu.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Barnabas Didam ya rasu a gidansa da ke Bakin Inji cikin watan Agusta na shekarar 2022, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da biyu. Bisa wasiyyarsa ba a kai gawarsa Zonkwa ba, an binne shi a maƙabartar Kirista ta Kazaure bayan addu'a a majami'arsu. Maƙwabtansa Musulmi sun rufe shaguna sun raka shi, cikinsu har da Mujittaba. Bayan an share makoki, iyalinsa suka cika ɗaya wasiyyar, suka tafi Roni suka mayar wa Hajiya Halimatussa'adiyya filinta. Ta karɓa kamar yadda al'ada ta tanada, sannan ta sake ara wa Juliana shi iya rayuwarta. Ubangiji ya ba shi hutu, ya ta'azantar da waɗanda ya bari.

Ya rasu ya bar matarsa Juliana da jikoki tara da 'ya'ya huɗu: Levi, malamin makaranta a Kafanchan, Sammy, mai riƙe da injin, Jennifer, ma'aikaciyar jinya a Dutse, da Sophia, mai shagon ɗinki a Kazaure. Dukansu huɗu suna raye, kuma babu itacen ko ɗaya daga cikinsu a tsaye. Wanda ya rage a Bakin Inji shi ne na Rahila, wadda sunanta ba ya cikin wannan jeri, kuma a gindinsa mahaifiyarta take wuni.